Taki Talatin da Huɗu

Wanda ya hau keke ya fita daga Matamaye da sassafe, in ya saki kwaltar da ta taho daga Takeita ta nufi Ɗan Barto, ba ya cika minti goma yana tafiya sai ƙarar mota ta ɓace masa. Abin da zai rage a kunnensa shi ne kukan kurciya, da iska cikin karan dawa, da ƙarar sarƙar kekensa idan ta kwana biyu ba ta sha mai ba. Garin yana kimanin kilomita 85 daga birnin Damagaram, kuma shi ne mazaunin hukumar gundumar Kance, wadda ƙidayar 2012 ta samu mutane kusan dubu 400 a cikinta. Ƙasa ce mai cunkoso. Da wuya mutum ya yi tafiyar rabin sa'a bai ga rumbu ko rijiya ba. Ƙauyukan nan duk a ɗinke suke da juna da ƙananan hanyoyin da mota ba ta taɓa takawa ba, wasu saboda rairayi, wasu saboda ƙunci, wasu kuwa don babu abin da zai kai ta can.

A Faransa hukumomi kan kashe kuɗi su gyara tsohon layin dogo, su shimfiɗe shi, su kafa allon hana mota, domin masu keke su samu wurin yawo cikin karkara. A nan ba wanda ya shimfiɗa kome. Kofato da tafin ƙafa ne suka yi aikin, harshe kuma ya bi bayansu yana raba musu suna. Hanya ita ce uwa, ta haɗe su duka. Turba siririya ce, ta mutum ɗaya da jakinsa. Gwadabe faffaɗa ne, irin wanda ayari kan bi. Burtali kuwa shi ne wanda aka bari tsakanin gonaki don dabbobi su wuce makiyaya ko mashaya ba tare da sun yi ɓarna ba, galibi da shingen aguwa dama da hagu.

Akwai wani dattijo a Matamaye da ya san waɗannan hanyoyi kamar yunwar cikinsa. Kowa Mushe yake ce masa, ko da yake bai taɓa riƙe aji a makarantar gwamnati ba. Malamin yaƙi da jahilci ne tun tsakiyar shekarun 1970, lokacin da ake tara manoma da yamma a gindin bishiya ana koya musu karatu da lissafi da Hausa, domin kada a cuce su wajen sikeli. Keken da yake hawa baƙin Raleigh ne na mahaifinsa, wanda aka saya da kuɗin gyaɗa a zamanin da kamfanin SONARA ke sayenta. An canza masa taya ba adadi, an canza sirdi, an canza feda. Ƙashin bayan ne kawai na asali. Da shi ya riƙa zagaya cibiyoyin karatu, yau wannan ƙauye gobe wancan, da allo ɗaure a bayansa da ƙaramin littafi a aljihun gaba.

Littafin nan ya cancanci ɗalibin harshe ya tsaya a kansa. Mushe ya rubuta shi da ƙa'idar da aka koya masa, wadda ta samo tushe daga taron Bamako na 1966, inda ake ninka wasali idan dogo ne. Don haka a shafukansa babu gawo sai gaawoo, babu rijiya sai riijiyaa, keken kansa ma keekee ne. Bayan taron Yamai na 1980 aka daidaita rubutun Nijar da na Nijeriya, aka daina ninkin, dokar 1999 kuma ta tabbatar da rubutun da ake amfani da shi yau. An samu sauƙi da haɗin kai, ba mai musun wannan. Amma an bar wani abu a baya. A littafin Mushe ƙasaa da ake nomawa daban take da ƙasa da ake sauka, baaƙoo da ya zo daga nesa daban yake da yaron da aka raɗa wa Baaƙo. Shi kansa laƙabin nasa ya fi samun mutunci a tsohon rubutu, domin can muushee na ungulu ba ya haɗuwa da Mushe na aji. Jikokinsa sun gano wannan tuntuni, kuma ba su bar shi ya huta ba.

Abin da ke cikin littafin mafi yawa hanyoyi ne. Ya kan rubuta inda turba ta rabu biyu, da bishiyar da ake ganewa da ita, da rijiyar da ruwanta ba shi da kanwa, da wurin da dole a sauka a tura. Wanda ya bi shafukan a hankali zai fitar da zagaye uku ko huɗu da za a iya yi a yini ɗaya a dawo gida kafin magariba.

Mafi sauƙinsu shi ne na Kance, arewa da Matamaye. Kwalta ta haɗa garuruwan biyu, amma akwai turbobin da ke tafiya kusa da ita ta cikin gonaki, sai mutum ya isa bai haɗu da ko babbar mota ɗaya ba. Wannan ce hanyar gawo. Wanda ya bi ta da damina zai yi zaton ya shiga dajin matattun itatuwa, don gawo a lokacin yake zubar da ganye, ya bar wa hatsi rana da taki. In ya dawo bayan kaka sai ya tarar sun yi kore shar, awaki na rububin ƴaƴan da suka faɗo. Yawancin bishiyoyin nan ba dasa su aka yi ba. Bayan farin 1984 manoma suka koma barin tohon da ya fito da kansa suna yi masa sassabe mai kyau, har masu bincike suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, kuma yankin Magarya da Matamaye da Mirriya na cikin inda abin ya fi kauri. Mushe ya ga hanyar nan tana fili fetal, ya kuma gan ta da inuwa. A shafin farko na zagayen ya rubuta gawo bakwai da sunayensu, don a lokacin ana iya ƙirga su.

Ɗalibin harshe yana da wani dalili na bin wannan hanya. Ƙasar Kance ce ta haifi Dorugu, yaron da aka kama bauta, aka ƴanta shi a Barno, ya bi Heinrich Barth har Tumbuktu, ya isa Ingila a 1855. Daga bakinsa J. F. Schön ya rubuta yawancin abin da ke cikin Magana Hausa na 1885. Wato Hausar da Turai ta fara nazari da gaske, da yawanta Hausar waɗannan turbobi ce. Ba allo ko ɗaya a hanyar da ke faɗin haka.

Zagaye na biyu na fadamun Dungu ne, inda ake noman rake. Can ƙasa baƙa ce mai tauri, keke na gudu, sai dai turbar kan matse har gwiwa na shafar shinge, kuma in amalanke ta taho ɗauke da rake dole mai keke ya rungumi kekensa ya raɓe. Mushe ba ya yawan zancen wannan zagaye. Yana cewa hanya ce ta yara, ko makaho ya bi ta.

Burtali shi ne gwajin mai keke. Tsakiyarsa kofato ya tone shi ya zama gari, taya na shiga sai ta nutse. Gefensa kuwa, inda saiwar ciyawa ta riƙe ƙasa, nan ƙaya take, ta gawo da ta aduwa da tsidau mai kwanciya ƙasa kamar ba ruwansa. Tsakanin rairayin da ƙayar akwai wani siririn layi, faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba, shi ake bi. Mushe kan rage wa taya iska kaɗan kafin ya shiga, ya koma da nauyinsa baya kan sirdi, ya saki hannu kada ya ƙanƙame, kuma ba ya taɓa burkin gaba. Lokacin da ya fi so shi ne washegarin ruwan sama, sa'ad da rairayi ya kwanta ya yi tauri kamar daɓe. Da rani kuwa sai a fita tun da asuba, a dawo kafin iska ta tashi. Ba ya fita sai da famfo da guntun roba da gam a cikin gwangwanin tumatir. Babura sun fara shiga wasu burtulan yanzu, suna tone layin nan da shi kaɗai ne rabon mai keke, amma na nesa da gari har yau shanu ne da masu ƙafa.

Zagaye na uku, na kudu, kusan rabinsa burtali ne, kuma shi ne ya dawo wa Mushe a ƙarshen kakar bara ta inda bai zata ba.

Mai garin wani ƙauye da ke kan zagayen ya aiko masa da saƙo. Kwamitin filaye zai zo ya kafa turakun siminti a iyakar burtalin da ya ratsa gabashin ƙauyen, don an yi cacar baki da makiyaya har sau biyu a daminar, saura ƙiris a zare sanda. Dattawan da suka san asalin iyakar sun ƙare, waɗanda suka rage kowa na da gona a bakin burtalin. Sai wani ya tuna cewa Mushe ya taɓa sa ɗalibansa su auna shi. Gaskiya ne. Darasin lissafi ne a shekarar da ya buɗe cibiyar ƙauyen: ya fitar da manoma goma sha, kowa ya taka burtalin daga aguwa zuwa aguwa yana ƙirgawa, aka rubuta a allo, aka koyi tarawa da rabawa da shi. Ya kwafe sakamakon a littafinsa. Mai gari yana roƙon ya zo da littafin.

Doka ba ta da ruɗani a nan. Tun dokar karkara ta 1993, da ta makiyaya ta 2010, burtali dukiyar jama'a ce, ba mai ikon nome shi. Kuma duk wanda ya kai shekarun Mushe yana tune da Toda, a jahar Maraɗi, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100 a 1991, galibinsu mata da yara. Sai dai burtali ba a rana ɗaya ake cinye shi ba. Bana a ƙara kunya ɗaya, baɗi a tuge aguwa a ce ta bushe, shekara ta uku a ƙara kunya biyu. Mai yin haka ba lallai mugu ba ne. Gonar da uba ya ciyar da gida da ita ce aka raba wa ƴaƴa shida. Abin da mai gari bai faɗa a saƙonsa ba, don ya san Mushe ya sani, shi ne gonar da ta fi shiga burtalin ta babban ɗan Mushe ce. Shi da kansa ya saya masa ita.

Kwana uku littafin na ƙarƙashin matashinsa. Ba wanda zai zarge shi in ya ce gara ta ci shi. Littafin shekara hamsin ne. Ga kuma uzuri na gaskiya: yana ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma hazo yake gani, ya fi shekara bai wuce bakin kasuwa da keke ba. Matarsa ta ce ya aika da littafin kawai, ko ya hau babur ɗin maƙwabci. Ya ce littafin ba ya tafiya ba shi, shi kuma ba a kai shi ƙauyen nan a goye kamar buhun gero.

Ranar da aka sa, ya tashi jikansa tun kiran sallar farko. Yaron ɗan shekara goma sha uku ne, ɗan mai gonar, yana zaune wurin kakanninsa saboda makaranta. Ya sa shi ya sanya farar riga ya hau nasa keken ya shiga gaba.

"Kaka, in ka faɗi ni ba ruwana, ungulu na bari da kai," in ji yaron.

"Wuce gaba, marar kunya. Rigarka nake bi, kada ka yi mini nisa."

Haka suka tafi, farin abu na rawa a gaba cikin hazon hunturu, dattijo na binsa. Amma da suka shiga burtalin farko sai aiki ya juye. Yaron ya faɗa tsakiyar rairayi ya kafe, kakan ya wuce shi ta gefe kamar a kan kwalta, yana gaya masa ya matsa hagu, akwai kuka nan gaba, bayanta turba za ta rabu, a ɗauki ta dama. Kukar tana nan. A wani wurin ya ce za su ga rijiya, suka tarar da famfon tuƙa-tuƙa da ƴan mata a layi. A wani wurin ya ce gawon makiyaya, yaron ya ce wanne daga ciki, sun fi ashirin. Yana faɗin sunayen wurare, yaron na maimaitawa yana dariya, don wasu bai taɓa jin su a bakin kowa ba. Sau biyu suka sauka suka tura. Sau ɗaya dattijon ya tsaya ya daɗe yana numfashi, hannunsa a kan sirdi, ya ce iskar taya yake dubawa.

Da hantsi suka iso. Tun kafin su kai ga taron ya san inda suke, don keken ya fara karo da kututturen karan gero a wurin da ƙafarsa ta san aguwa ce. Ya sauka, ya jingine keken, ya taka burtalin daga wannan gefe zuwa wancan. Taki tara.

Mutane sun taru a inuwar wani gawo: mai gari, da arɗo da mutanensa rataye da sanduna, da ma'aikacin kwamiti da igiyar awo, da masu gonaki. Ɗansa na can gefe a tsugune. Ya taso ya gaishe shi, ya karɓi keken ya gyara masa jingina.

"Baba, da ka faɗa mini ai da na zo na ɗauke ka."

"Na iso dai."

Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka sha ruwa. Mai gari ya yi bayani, arɗo ya yi nasa, wani mai gona ya rantse cewa tun yana yaro haka ya ga burtalin. Sannan aka juyo ga Mushe. Ya ciro littafin, ya buɗe shafin da ya riga ya naɗe wa kunne, ya kai shi kusa da ido, ya nisanta shi. Ba ya bukatar karantawa. Ya san abin da ke ciki. Amma abin da ya fito daga ka ana iya cewa tsufa ne, ko son rai. Ya miƙa wa jikan.

"Karanta musu, da ƙarfi."

Yaron ya dubi shafin ya yi turus. Bai taɓa ganin Hausa da wasula bibbiyu ba sai a wasan da suke yi wa kakansu. Ya fara jan kalmomin yadda suke a rubuce, har suka fi yadda ake faɗinsu tsawo: burtalii na gabas, daga aguwaa zuwa aguwaa, taakii talaatin da huɗu. Wasu suka yi dariyar karatun, dariyar ta mutu da wuri. A ƙasan lissafin akwai sunayen waɗanda suka taka, yaron ya ci gaba da karanta su ɗaya bayan ɗaya don ba a ce ya tsaya ba. Duk sun rasu sai mutum ɗaya. Na huɗu a jerin mahaifin wanda ya yi rantsuwar ne.

Ma'aikacin ya tambaya ko takin wane ne za a ɗauka, tun da ƙafa ba ɗaya ba ce. Mushe ya ce an raba na mutum goma sha ne aka samu wannan, shi ne ma darasin ranar. Aka yi ta ja-in-ja har azahar. Daga ƙarshe aka tsaya a kan abin da bai kai talatin da huɗu ba amma ya ninka tara fiye da sau biyu, arɗo ya ce ya karɓa, aka fara haƙa ramin turke na farko. Ya faɗa cikin gonar ɗan Mushe da kunya goma sha ɗaya. Mutumin ya tsaya yana kallo ana zuba siminti, bai ce uffan ba. Yana da ƴaƴa bakwai, kuma geron bara bai kai shi watan bakwai ba.

Da aka watse, Mushe ya je ɗaukar kekensa ya tarar tayar baya a kwance. Tsidau ne, tun a hanya. Ya durƙusa yana laluben gwangwanin tumatir, sai ɗan ya zo ya janye keken daga hannunsa, ya kifa shi, ya zare robar ciki, ya aiki yaron ya samo ruwa a ƙwarya. Ya riƙa nutsa robar yana juyawa har kumfa ta nuna wurin. Ya kankare, ya shafa gam, ya jira ya sha iska, ya manna. Duk wannan bai ɗago kai ba. Da ya gama bugun iska ya matsa tayar da babban yatsa, ya sassauta kaɗan yadda uban ke so, ya miƙe keken.

"Ku bi ta fadama," ya ce wa yaron. "Burtali ya yi zafi yanzu. Kada ka bar shi ya yi gudu."

Suka bi ta fadama. Littafin yana aljihun farar rigar, a gaba.